Gandun Wa Ne Yankari?

A takardun hukuma, Yankari ya sha canza suna, ya kuma sha canza hannu. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince a keɓe wannan daji a 1956, shekara na zagayowa aka rubuta shi cikin dazuzzukan En'e ta Bauchi, sannan aka buɗe ƙofarsa ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 gwamnatin soja ta ɗauke shi da doka mai lamba 36, ta sa shi cikin dazuzzukan da tarayya ke riƙe da su. A 2006, zamanin Shugaba Obasanjo da Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa jihar Bauchi kayanta. Duk canjin hannu sai an sake allon bakin ƙofa, an sake kan takardar wasiƙa, an sake sunan Turanci. Amma a bakin direban da zai ɗauko ka daga Bauchi ya bi hanyar Gombe, ya karya kwana a Dindima ya nufi Mainamaji, suna ɗaya ne tun farko har yau: gandun daji.

Wannan suna ya cancanci a zauna a kansa. Fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri, mutane na zuwa su ga giwa, su yi wanka a ruwan Wikki, su huta. To me ya haɗa hutu da gandu, alhali duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gandu wurin zufa ne? Hausawa sun ce suna linzami ne, don haka yana da kyau mu san inda wannan ke jan mu.

Mu fara da abin da aka fassara. Kalmar park ta Turanci asalinta shinge ne. A Ingila ta zamanin da, fili ne da sarki ko wani mai sarauta ya kewaye, ya tara bareyi a ciki domin farautarsa shi da baƙinsa, talakan da aka kama a ciki da baka kuwa ya shiga uku. Sunan da Yankari ke ɗauke da shi yanzu, game reserve, shi ma daga bakin mafarauta ya fito, don ma'anarsa ajiyar dabbobin da ake harbi domin nishaɗi. Ba don kallo aka ƙirƙiro kalmomin nan ba.

A Amurka ne aka juya su suka fuskanci talaka, kuma jiha ce ta fara riƙe irin wannan wuri kafin tarayya. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta miƙa kwarin Yosemite ga jihar Kalifoniya, bisa sharaɗin a bar shi don amfanin jama'a da hutawarsu har abada. Da aka zo keɓe Yellowstone a 1872 babu jihar da za a danƙa wa, don yankin bai zama jiha ba tukuna, dole tarayya ta riƙe da kanta. Daga nan aka sami kashi biyu, na ƙasa da na jiha, wurare kuma suka riƙa tsallakawa tsakaninsu. Tsibirin Mackinac ya zama na tarayya a 1875, aka miƙa shi ga jihar Mishigan a 1895. Kwarin Yosemite ya bi ta ɗaya hanyar, ya koma hannun tarayya a 1906. Jihar New York kuwa sayen filayen da ke gefen magangarar ruwa ta Niyagara ta yi daga hannun masu masana'antu da masu karɓar kuɗin leƙe, ta buɗe wa kowa a 1885. Yau wuraren da jihohi ke riƙe da su a can sun kai dubbai, kuma su ne iyali ke zuwa a hutun mako saboda kusanci da araha: a kafa tanti, a kama kifi, a hau dutse, a dawo gida. Ke nan zuwa da dawowar da Yankari ya yi tsakanin jiha da tarayya ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ke bin tsarin tarayya.

Bahaushe bai ari ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Iyakar abin da ya ɗauka daga waccan kalma ta shinge shi ne fakin, ya bar wa masu mota. Da ya zo raɗa wa keɓaɓɓen daji suna, tsohuwar kalmarsa ta noma ya ɗauko.

Gandu a gidan manomi shi ne babbar gona, wadda maigida da 'ya'yansa da ƙannensa ke nomawa tare. A fita da sassafe, a yi aiki har azahar, abin da aka girbe ya shiga rumbun gida. In an tashi daga gandu kowa ya wuce gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa, abin da ya samu a can nasa ne shi kaɗai. Ɗan gandu kuma ba aikin banza yake yi ba. Maigida ne ke ciyar da shi da iyalinsa, shi ke ba da iri da garma da fartanya, shi ke biyan haraji, in lokaci ya yi shi ke ɗaukar nauyin auren fari. Alkawari ne mai ɓangare biyu ko da ba a rubuta ba: ka ba da ƙarfinka, a ɗauke maka nauyinka. Ranar da maigida ya kasa riƙe nasa ɓangaren, 'ya'ya sukan janye ɗaya bayan ɗaya har gandun ya watse. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta Katsina tana nazarin zaman manoma, ta ba wannan tsari babban fili a littafinta na 1972, don ta gane ba a fahimtar ƙauyen Hausa sai an fahimce shi.

Sai dai akwai wani gandun, na sarki da na masu sarauta, kuma ba daidai ba ne a rufe fuskarsa. Manyan gonaki ne da bayi ke nomawa a ƙarƙashin sarkin gandu, amfanin kuma ya tafi fada. Dorayi da Fanisau da Nasarawa duk wuraren gandayen sarakunan Kano ne, Gandun Albasa ma da ta zama unguwa a tsakiyar birni sunanta bai ɓoye asalinta ba. Masana tarihi na cewa sunan garin Gwandu kansa daga nan ya fito, daga gandun sarakunan Kabi. A wannan gandu babu gayaunar da za ta sa mai noma ya ji gonar tasa ce. Ta wani ce, shi dai an sa shi.

Wanne daga cikin biyun mutane ke nufi sa'ad da suka fara cewa gandun daji? Ni a ganina na sarki suke nufi, don haka abin ya zo musu. Turawan mulki sun kafa dokar dazuzzuka a 1916, suka sabunta ta a 1937, En'e-En'e suka shiga yankan dazuzzuka suna kafa alamun iyaka. Abin da mutumin ƙauye ya fara ji game da sabon wurin duk hani ne: kada a sari itace, kada a shiga da shanu, kada a sa wuta, kada a yi harbi. Dajin da jiya yake samun zuma da itacen girki da saiwar magani a cikinsa, yau ya wayi gari yana da mai shi, mai shi kuma hukuma ce, ga malamin daji da littafin tara a hannu. Wurin da aka shata wa iyaka aka ce na sarauta ne, ba shi da wani suna a Hausa da ya wuce gandu. Sunan ya yi daidai da abin da ido ya gani, amma ya shigo da sanyin jiki a cikinsa, kuma har yau da sauransa. Mutumin da ke zaune a bakin Yankari zai iya tsufa bai taɓa jin cewa yana da rabo a ciki ba.

Duk da haka, gandu da hutu ba su rasa dangantaka ba. Har yanzu bayan salla Sarkin Kano kan yi hawan Dorayi da hawan Fanisau, ya fita bayan gari zuwa gidajen da ke tsofaffin gandayen nan, a wuni a sha iska a dawo. Ashe tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido, gandu ya taɓa zama wurin da ake fita daga hayaniyar birni. Bambancin kawai shi ne mai fitar mutum ɗaya ne da jama'arsa.

Rabin sunan na biyu, wato daji, ya fi nauyi. A tunanin da muka gada, gari shi ne mazaunin mutunci. Bayan ganuwa sai karkara da gonaki, sai saura, sannan daji. Kuma ba mu yi masa rowar sunaye ba: daji, jeji, dawa, kurmi inda itatuwa suka haɗe kai a bakin rafi, ƙungurmin daji inda ko carar zakara ba a ji, dokar daji inda ƙafa ba ta saba takawa ba. Wannan ta ƙarshe tana da daɗin nazari, don a rubutun boko doka ta hukuma da doka itaciya haruffansu ɗaya, a baki ne amonsu ya bambanta. Itaciyar ta cika dazuzzukan kudancin ƙasar Hausa har masana tsirrai suka ɗauki sunanta na Hausa suka sa cikin sunanta na kimiyya, Isoberlinia doka. Mai karatu da ya ga an rubuta dokar daji zai iya fahimtar tsakiyar jeji, zai iya fahimtar hukuncin da ya hana shiga, kuma a keɓaɓɓen daji duka biyun gaskiya ne. Cikin duk waɗannan sunaye babu wanda ke gayyata. A tatsuniya can kura take, can iskoki suke, can ake yar da wanda ba a so. Wanda ya ce wa kakarsa zai biya kuɗi ya je ya kwana a daji don jin daɗi, addu'a za ta fara yi masa.

Mazauna dajin ma sunan da muka ba su ya nuna idon da muke kallonsu da shi. Namun daji muke cewa, wato tun dabba na tsaye da ƙafarta mun riga mun kira ta nama. Waɗanda ba mu saba da su ba kuwa da dabbar gida muka auna su: raƙumin dawa, jakin dawa. Maharbi mutum ne mai daraja, da sarautunsa, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, da kirarinsa da asirinsa. Labarin baka ma ya ce garin Bauchi sunan wani maharbi ya ci, Baushe, wanda Malam Yakubu, mai kafa garin, ya tarar a wurin. Saboda haka Hausa ba ta da kalma guda ta mutumin da ke farauta a inda aka hana. Sai dai a ja zance a ce mai farauta ba bisa ƙa'ida ba, kuma tsawon jimlar kansa shaida ne cewa laifin sabo ne, dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da magabatanta ne suka haife shi. Wannan ba ya wanke wanda ke kashe giwa don haure, ko mai harbin ma'aikacin da ke gadinta. Giwayen Yankari na cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, zakunansa na cikin na ƙarshe, in suka ƙare sun ƙare ke nan. Abin da nake cewa shi ne, wanda ke son jikan maharbi ya daina harbi, sai ya san cewa da harshen da ya girmama kakansa yake yi masa magana.

Akwai wata kalma da ta fi gandu kusa da abin da ake nufi, ba a dai ɗauke ta ba: hurumi. Daga Larabci ta zo, kuma tana nufin filin da aka keɓe a gefen gari, ba mai noma shi, ba mai gina shi, don na kowa ne, ko makiyaya ko maƙabarta ko filin idi. Shari'a ta san irin wannan keɓewa tun farko. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malaman fiƙihu na kiran wannan hima, kuma sharaɗinta shi ne shugaba ya keɓe don maslahar jama'a, ba don kansa ba. Da hurumin daji aka ce tun farko, da wataƙila mutane sun ji wurin a jikinsu daban. Amma harshe ba ya jiran shawarar kowa, hurumi ma ta tafi kotu ta zauna, yau an fi jin ta a bakin lauyoyi masu cewa wannan ba hurumin kotu kaza ba ne.

Sai batun na ƙasa da na jiha. Jiha ma Larabci ce, ma'anarta ɓangare ko fuska, kuma ta yi ta ƙanƙancewa a kan Yankari: Jihar Arewa ce ta keɓe shi, jihar Arewa maso Gabas ta gaje shi a 1967, jihar Bauchi ta karɓa a 1976. Mutane kan ɗauka na ƙasa ya fi na jiha girma, komawa hannun jiha kuma rage daraja ne. Ban yarda ba. Gwamna ya fi minista kusa, majalisar jiha ta fi ta Abuja jin koken Alkaleri, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta domin jama'a. Haɗarin da ke ciki shi ne aljihun jiha bai kai na tarayya zurfi ba, kuma abin da gwamna ɗaya ya ɗauka da zafi mai bi masa na iya yin watsi da shi.

Kalmomin tafiyar su ma da nasu tarihin. Yawo ba ta da farin jini a gidan Bahaushe: yawon banza, yawon dandi, yawon duniya. Tafiya mai mutunci sai da dalili, fatauci ko neman ilmi ko ziyarar dangi ko aikin hajji. Da aka zo neman sunan tafiyar da ba ta da wata manufa sai gani, dole aka nemo wa yawo abokin da zai wanke shi, aka ce yawon buɗe ido. Wanda ya haɗa wannan suna ya iya, don ya mayar da kallo karatu, ya jingina shi da abin da kowa ya yarda da shi, cewa tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuma ya kori ji. Shaƙatawa kuwa ba ta nemi uzurin kowa ba. Kunne na jin shaƙa a cikinta, 'yar'uwar shan iska ce, hutu ne na ƙirji. Akwai kuma kilisa, fitar mai doki da yamma ba don yaƙi ko saƙo ba, don doki ya warware shi ma ya warware. Ina jin takaicin yadda aka bar wannan kalma a barga, don babu wadda ta fi ta dacewa da fitar da ake yi da mota daga sansanin Wikki da sassafe ko da la'asar, a bi gefen kogin Gaji a hankali ana duban abin da Allah zai nuna.

Kyan wuri fa, da me muke yabonsa? Mutumin Amurka kan yi doguwar tafiya ya tsaya a bakin kwazazzabo ya kalli jan dutse tsirara, zuciyarsa ta cika. Mu kalmarmu ta yabon ƙasa ita ce ni'ima, kuma ni'ima ruwa ce da inuwa. Dausayi, fadama, ƙorama, lambu, duk sunayen wuraren da ke faranta mana rai da danshi a jikinsu. Mutanen da rani ke gasawa wata bakwai ba za su rasa wannan ra'ayi ba. Shi ya sa baƙo zai iya zuwa Yankari giwa ta ƙi fitowa, ya koma gida bai ji ya yi asara ba, muddin ya shiga Wikki. Ruwan daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, ga manyan itatuwa sun yi masa rumfa. Da sanyin hunturu ka shiga ka ji ɗumi, da zafin bazara ka shiga ka ji sanyi. Kimanin lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji, kogin da dabbobi ke taruwa a bakinsa in rani ya tsananta, abin da ya sa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin ganinsu. Masu yi wa baƙi jagora kan ce ma'anar Wikki da harshen Duguri ita ce “ina kake?” Sunan ya fita daga daji ya shiga gari, har da yawa sun fi saninsa a rigar 'yan ƙwallon Wikki Tourists, kamar yadda wasu suka fara ganin sunan Yankari a jikin motocin sufuri na jihar.

Ba duk sunayen cikin dajin ne suka yi irin wannan sa'a ba. Akwai koguna 59 da aka fafe a jikin dutse, ɗakuna ne na mutane, ana kyautata zaton mafaka ce a zamanin hare-haren kamun bayi. Sunansu a yau kogunan Marshall, don P. J. Marshall ne ya kai labarinsu ga takarda a 1980. Ya yi aiki, ba a hana shi yabo ba. Amma waɗanda suka fafe dutsen da hannunsu, suka ɓoye 'ya'yansu a ciki, su ne ba su da suna a wurin. Ga rijiyoyin Dukkey sama da ɗari masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, ga matoyar ƙarfe a Shau Shau da Ampara, ga zane a jikin Tunga Dutse. Duk suna faɗin abu ɗaya, cewa wannan wuri ya taɓa zama gari da maƙera da mahaƙa kafin ya koma daji. A Nijar ma haka: babban gandun da ta haɗa da Benin da Burkina Faso, wanda aka kafa a 1954, sunansa W, saboda kogin Kwara ya yi lanƙwasa mai kama da wannan harafi. Sai mai duban taswira ne ke ganin harafin, masuncin da ke cikin kwalekwale bai taɓa ganinsa ba. Amurkawa sun fara gyara irin wannan a nasu wuraren. Mutanen da sojojin sa-kai suka kora daga kwarin Yosemite a 1851, Ahwahnee suke kiran wurin. A 2021 kuma jihar Kalifoniya ta cire sunan Patrick's Point daga wani wurin shaƙatawarta na bakin teku, ta mayar masa da Sue-meg, sunan da al'ummar Yurok ke kiransa da shi tun asali. Dattawan Duguri da Fali da Gwana, maƙwabtan Yankari, na nan da ransu, tambayarsu ba ta bukatar kasafin kuɗi.

Sunayen dabbobin kansu suna zubewa daga bakinmu. Yaron birni ya san zaki da giwa da kura, daga nan duk mai ƙaho barewa ce. Ina gwanki, ina kanki, ina gwambaza da mazo da gada? Duk suna Yankari, tare da ɓauna da dorina da kada, da mugun dawa da gwaggon biri waɗanda ke kai da kawo har tsakiyar sansani. Da yawa daga cikin sunayen nan a karin magana kaɗai suka rage, ba mu san fuskar rabin dabbobin da kakanni suka gina hikimarsu a kai ba. Malamin da ya kai ɗalibansa ya nuna musu gwanki ya ce ga gwanki, darasin Hausa ya koyar ko da bai yi niyya ba.

Suna kuma yana iya ɓaci. Sambisa gandun namun daji ne na jihar Borno, yau ba mai jin sunan ya tuna da dabba. Falgore da ke kan hanyar Kano zuwa Jos, da Kamuku ta Birnin Gwari wadda ta zama ta tarayya a 1999, an fi jin su a labaran tsaro. Kalmar daji ma an liƙa ta ga 'yan bindiga, an ce ɓarayin daji, tsohon tsoron nan ya dawo da sabuwar riga. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince ta karɓi wasu dazuzzuka goma daga jihohi, ciki har da Falgore da Baturiya ta Jigawa da Kogo ta Katsina, kuma tsaro na cikin dalilan da aka bayar. Canza allo ba ya korar ɗan bindiga. Dajin da ma'aikata ke sintiri a cikinsa, baƙi ke shiga da fita, maƙwabtansa ke cin abinci ta dalilinsa, shi ne ke da idanu da yawa a kansa.

Saboda haka ba na goyon bayan a jefar da gandu a nemo wani ƙirƙirarren suna. Abin da nake so shi ne a riƙe kalmar a ma'anarta ta gida, a kuma bi mai gandu bashin abin da ke kansa. Ƙauyukan da ke kewaye da Yankari suna biyan nasu kason: an hana su kiwo da saran itace a ciki, kuma in amfani ya nuna giwaye kan fito da dare su tattake gonar da aka yi wata huɗu ana wahala a kanta. A al'adar gandu, wanda ya ba da ƙarfinsa ba ya kwana da yunwa. An fara wani abu a wannan fanni tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da jihar Bauchi a 2014: an sa wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan adam, an kuma ɗauki mutane daga ƙauyukan suna lura da motsin garke, suna sanar da manoma da ma'aikata kafin ɓarna ta auku. Mutumin da ke wannan aiki ya zama ɗan gandu na gaskiya, yana ba da nasa yana karɓar nasa. Albashinsa, da diyyar manomin da giwa ta shiga gonarsa, da motar da za ta kai 'yan firamaren Alkaleri su ga abin da ke bayan gidansu, su ya kamata kuɗin ƙofa ya fara biya kafin a zo kan fentin masaukin baƙi.